Ranar da Aka Yi Cigiyar Masani

A layinsu babu wanda bai san mai shagon akwatunan nan da ake kira Masani ba. Baki ne ya jawo masa sunan. Shekara goma sha ɗaya yana sayar wa matafiya akwati, kuma duk wanda ya saya sai ya tafi da gyarar nasiha: kujerar da ta fi lafiya a jirgi, yadda ake yi wa ma'aikatan filin jirgi magana, ƙasar da ruwanta ke ɓata ciki. Shi kuwa iyakar tafiyarsa a duniya garin surukansa ne, a mota, kuma sai da ya yi amai sau biyu kafin a isa.

Wata yamma suna zaune a bencin mai aski, yana yi wa wani bayanin yadda ake canza jirgi, sai mai kemis ya ce, "Wai Masani, kai da kake raka kowa da baki, yaushe za mu raka ka da ƙafa?"

Aka kwashe da dariya. Masani ya gyara zama, ya ce, "Hutun yara mai zuwa. Ni da iyalina kaf, ƙasar waje. Dama shiru na yi don kada a ce ina fariya."

"Allah ya raba ka da fariya," in ji tela.

Da ya kai maganar gida, matarsa ta yi murna har ta rasa inda za ta sa kanta. Malamar firamare ce, ta shekara tana nuna wa 'ya'yan mutane teku a jikin allo ba ta taɓa ganinsa ba. Washegari ta dawo da takardar wani kamfanin tafiye-tafiye: mota ta ɗauke ku, otal a shirye, ga ɗan jagora mai jin harshen ƙasar.

Masani ya riƙe takardar da yatsa biyu kamar tsumma. "Ɗan jagora? A ɗauko wani ya ɗaga tuta yana kora ni cikin garke? Maman Lauya, kin manta wanda kike aure."

"Ban manta ba, shi ya sa na kawo takardar."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya yago bayan kwali ya zana jadawali da jan biro: wurare goma sha shida a kwana ukun farko, kowane wuri da mintocinsa. Babbar 'yarsu, mai shekara tara, wadda ake kira Lauya saboda tambayar tsiya, ta karanta daga sama har ƙasa ta ce, "Baba, ina lokacin fitsari?"

"Matafiyin ƙwarai a gida yake gama wannan."

Ta dubi ƙaninta Guguwa, ɗan shekara biyar, da ke bisa kan firij a lokacin, ta dubi Auta mai shekara uku.

Batun harshe kuwa, Masani ya ce wannan ƙaramin alhaki ne. Ya sauke wani darasi a wayarsa, wanda wata agwagwa ke rera jimloli ana maimaitawa. Mako biyu yana bin agwagwa a shago. Bai tsaya duba ma'anar ba, domin a cewarsa harshe a kunne yake shiga.

Ranar tafiya ya fito da uwar akwatunan shagonsa, wadda ta shekara huɗu ba wanda ya taya. Mai aski ne ya kai su filin jirgi a motarsa. Tun a bakin ƙofa tayar akwatin ɗaya ta cire ta yi nata wuri, Guguwa ya bi ta da gudu. Da aka ɗora akwatin a sikeli, ma'aikaciyar ta dubi lambar, ta dubi Masani, ta ce a buɗe. A gaban layin mutum hamsin aka fito da bokiti, dutsen guga, tukunyar lantarki, tocila uku, guduma da igiyar shanya.

"Hijira za ku yi?" in ji wani dattijo daga baya.

"Wanda bai san tafiya ba shi ke tafiya hannu rabbana," in ji Masani, yana miƙa wa mai aski bokitin da gudumar. Igiyar kam ya cusa ta a aljihu.

A cikin jirgi, da aka fara tashi, ya damƙe hannun kujera ya runtse ido, gumi na bin wuyansa. Auta tana tafi, Guguwa na ƙirga gajimare.

"Baba, tsoro kake ji?" in ji Lauya.

"Nazari nake yi."

Bai gama nazarin ba sai da aka miƙo masa jakar takarda ta amai.

Da suka sauka, matarsa ta nuna wani allo mai hoton jirgin ƙasa da kibiya, inda duk jama'a suka nufa. Masani ya girgiza kai. "Hanyar da kowa ke bi ta baƙi ce. Ku biyo ni." Suka tsallaka ɗaya gefen suka shiga jirgin da babu kowa a ciki, ya baje a kujera yana cewa ga amfanin sani nan, ko cunkoso babu. Bayan minti arba'in jirgin ya tsaya a rumfar da ake wanke jirage. Wata tsohuwa mai tsumman goge ƙasa ta shigo ta same su a jere.

Masani ya miƙe, ya yi gyaran murya, ya zuba mata jimla ɗaya daga na agwagwa. Tsohuwar ta saki baki, sannan ta rufe shi da hannu, kafaɗunta na rawa. Ta laluba aljihu ta miƙa masa alewa, ta shafa masa kai, ta nuna musu hanyar komawa.

"Kin gani?" ya ce da matarsa. "Harshe ya zauna. Har tukuici."

"Na gani," ta ce. "Kai ma ta shafa maka."

"Haka suke girmama manya a nan."

Otal ɗin da ya kama da kansa, mai kallon teku, hawa na biyar ne kuma babu na'urar hawa. Ya ja akwati mai taya ɗaya mataki-mataki yana nishi kamar tsohuwar babbar mota. Ɗakin gado ɗaya ne da kujera ɗaya, tagar kuma tana kallon bayan rumbun kifi. Matar ta tambayi ina tekun. Masani ya hau kujera, ya karkata wuya, ya ce ga shi can shuɗi shar. Lauya ta hau bayansa ta leƙa.

"Tamfol ne, Baba."

Da gari ya waye aka shiga jadawali. Hasumiyar da ya sa a lamba ta ɗaya an lulluɓe ta da ƙyalle ana gyara. Gidan tarihi na lamba ta biyu ranar ce ranar hutunsa. A lamba ta uku, wani dandali mai maɓuɓɓugar ruwa, ya ba su minti bakwai, Guguwa ya yi amfani da biyu wajen faɗawa ciki. A lamba ta huɗu takalmin Auta ɗaya ya ɓata, ta zauna a tsakiyar hanya ta ce ita ta gama tafiya a duniya. Masani yana gaba da kwalinsa yana duba agogo yana cewa an ci masa minti ashirin, matar tana baya da yarinya a kafaɗa da yaro jiƙaƙƙe a hannu.

"Baban Lauya, yaran nan ba su ci komai ba tun safe."

"Abinci yana lamba ta bakwai."

"To ka gaya wa cikinsu ya karanta kwalin."

Wajen azahar suka iso wani gini mai ginshiƙai da farin dutse. Masani ya tsaya a gabansa, ya turo ƙirji, ya sa Lauya ta ɗauke shi hoto, ya aika wa zauren unguwa na waya da rubutu a ƙasa: "Fadar tsoffin sarakunan ƙasar. Ba kowa ake bari ya matso ba." Yana cikin aikawa matarsa ta fito daga cikin fadar da Auta, tana goge mata hannu.

Kafin ya ankara amsa ta fara shigowa. Tela ya rubuto, "Sarakunan nan akwai tsari, ga ƙofar maza da hotonta, ga ta mata." Mai kemis ya ce a tambayo masa ko fadar tana da sabulu. Mai aski kuwa hoton bokitin ya turo, a rataye a ƙofar shagonsa, ya ce ga abin da ya kamata a shiga fadar da shi.

Masani ya kashe wayar, ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

A kwana biyu sun ga wuri uku da rabi cikin goma sha ɗaya. Ran na uku matar ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta riƙe ƙugu.

"Yau wuri ɗaya za mu, gidan namun daji. Yaran nan tun daga gida suke maganar raƙumin dawa da kifayen nan masu tsalle. Ni ma ban baro gidana don in ga bayan wuyanka ba. In ba haka ba ka tafi da kwalinka, mu muna nan."

Masani ya duba kwalin, ya ce ai dama abin da ke lamba ta goma sha biyu ke nan.

Gidan namun dajin gari ne guda, mutane kamar ƙasa. A bakin ƙofa Masani ya zaro igiyar shanya zai ɗaure yaran a ƙugu ɗaya bayan ɗaya, mai gadi ya zo ya karɓe ta cikin ladabi. Sai ya jera su ya yi musu huɗuba.

"Ku buɗe kunne. A irin wannan wuri ake ɓata. Duk wanda ya ga bai ga kowa ba, ya tsaya inda yake, kada ya motsa. Wawa ne kawai ke yawo bayan ya ɓata. Kun ji?"

Suka ce sun ji.

Layin kallon kifaye masu tsalle ya yi tsawo har ya lanƙwasa sau uku. Auta ta fara gyangyaɗi, iska kuma da ɗan sanyi, uwar ta karɓi kwat ɗin Masani ta naɗe ta a ciki. A aljihun kwat ɗin wayarsa take, da fasfo, da katin otal. Masani ya tsaya minti biyar yana tsaki, sai idonsa ya faɗa kan wata ƙaramar ƙofa koriya a gefe, mai jan rubutu.

"Ga ƙofar waɗanda suka san gari. Bari in duba, in dawo in shigar da ku ta gaba."

"Ka tambaya mana. Matambayi ba ya ɓata."

"Matambayi shi ke tona wa kansa asiri cewa baƙo ne."

Ya tura ƙofar ya shiga, ta rufe a bayansa da ƙara ƙas. Ya juya ya ja, babu mariƙi ta ciki. Lungu ne dogo mai warin ciyawa da kashin dabbobi, ga bokitai ga buhuna. Ya bi shi, ya karya dama, ya karya hagu, ya ratsa wani ɗaki inda mutum biyu ke yanka kifi suka bi shi da ido, ya ɗaga musu hannu kamar mai duba aiki. Da ya fito sarari sai ya ga kansa a gaban kejin birai, babu layi, babu koriyar ƙofa, babu iyali.

Tsayawa wuri ɗaya ta yara ce, don haka ya kama tafiya. Ya wuce birai, ya wuce jiminai, ya wuce kada, ya sake wuce birai. A zagaye na uku wani babban biri ya daina cin abin da yake ci ya zuba masa ido. Ya shiga wani shinge inda yara ke shafa awaki don ya zauna ya yi tunani, ya ajiye kwalin a gefensa. Kafin ya gama tunanin wata akuya ta cinye daga lamba ta tara zuwa ta goma sha shida, tana neman sauran.

A nan ne ya miƙe tsaye. Ya laluba aljihu, babu waya. Sunan otal ɗin bai riƙe ba, sunan titin ma haka, abin da ya sani kawai akwai warin kifi. Lambar matarsa kuwa a waya take, bai taɓa haddace ta ba. Ya ga rana ta fara karkata, ya ga kansa yana kwana a bencin birai, ya ga jirgi ya tashi ba shi.

Ya hango wata ma'aikaciya mai koriyar riga. Ya je gabanta, ya tattaro duk abin da agwagwa ta koya masa, ya juye mata gaba ɗaya ba numfashi. Matar ta ciji leɓe. Ta dube shi daga furfurar gemu har takalmi, ta yi magana a wayar da ke kafaɗarta, sannan ta kama hannunsa ta ja shi a hankali.

Ɗakin da ta kai shi bangonsa gilashi ne ta gefen hanya, sauran bangon an zana giwaye masu murmushi. Masani ya ce a ransa masaukin manyan baƙi ne, sai dai kujerun sun yi ƙasa da yawa. Ya zauna a kan wata ja, gwiwoyinsa suka kai haɓa. A gefensa wani yaro na kuka da majina, wata yarinya na tsotsar yatsa. Aka ba kowannensu lemo mai tsinke, shi ma aka ba shi. Aka ɗaura masa wani abin hannu na roba mai ƙyalli, aka ɗauke shi hoto.

Jim kaɗan wani ma'aikaci ya shigo, ya yi masa sallama da harshen gida. Masani ya ji kamar an sauke masa dutse.

"Yauwa ɗan'uwa. Ka gaya musu iyalina sun ɓata."

Mutumin ya sosa ƙeya. "Yallaɓai, ka san abin da ka faɗa wa abokiyar aikina?"

"Gaisuwa ce da gabatar da kai."

"Ce mata ka yi, ni yaron kirki ne, shekarata huɗu, na wanke hannuna, ina son mamana."

Masani ya ajiye lemon a hankali.

"A ina ka koyi harshen?"

"Wajen wata... wajen wani malami."

"To malamin nan na 'yan renon yara ne. Bari mu yi cigiya."

Kafin Masani ya ce a rufa masa asiri, lasifikokin gidan gaba ɗaya sun ɗauka. Aka faɗa da harshen ƙasar, aka faɗa da wani, sannan ɗan'uwan nasa ya faɗa da na gida, dalla-dalla: an tsinci wani magidanci mai gemu da tumbi, yana neman mamansa, mai shi ta zo ɗakin yaran da suka ɓata. Ta gilashi Masani ya ga fuskarsa ta cika wani allo mai girman bangon gida, da lemo a hannu. Mutane suka fara taruwa suna leƙe. Wani ya ɗaga ɗansa a wuya don ya gani da kyau. Layin da ya haɗu a gaban gilashin ya fi na kejin birai.

Uwar yaro mai majina ta zo da gudu tana hawaye ta ɗauki nata. Uban yarinya ya zo ya ɗauki tasa. Masani ya rage shi kaɗai.

Sai da aka yi kusan rabin awa sannan matarsa ta iso, ba gudu ba sauri. Auta na saɓe da 'yar tsanar raƙumin dawa, bakin Guguwa duk askirim, rigar Lauya a jiƙe da feshin kifaye.

"Kun ji cigiyar tun ɗazu?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Mun ji. Lokacin ana tsakiyar wasan kifi ne, kuma wuri mai kyau muka samu."

Mai fassarar ya miƙo mata takarda da biro. "Baiwar Allah, naki ne?"

Ta dubi mijinta a kan jar kujera. Ta daɗe tana dubansa, har mai fassarar ya sake tambaya.

"Nawa ne," ta ce.

"Sai ki cike nan. Dangantaka: uwa, uba, ko malamar makaranta. Babu gurbin mata."

Ta sa alama a kan malamar makaranta. Ma'aikaciyar ta karɓi lambar wayarta ta rubuta a jikin abin hannun, ta ce ko da zai sake.

"Baba," in ji Lauya, "ba kai ka ce wawa ne kawai ke..."

"Ku wuce mu tafi, lokaci na ƙurewa."

Kwana biyun da suka rage kafin jirginsu, matar ce a gaba. Tana tambayar hanya da hannu da murmushi, ana nuna mata. Suka hau jirgin ruwa, ta ga tekunta ta tsoma ƙafa a ciki, yara suka yi gini da yashi har suka gaji. Masani na biye da jaka a kafaɗa ɗaya, Auta a ɗaya, bakinsa a rufe kamar an ɗinke.

Amma tun a jirgin dawowa ɗinkin ya fara warwarewa. Ya riƙa juya abin hannun yana kallon ƙyallinsa, kafin a sauka labari ya gama nuna. Washegari da yamma ya isa bencin mai aski da hannun riga a naɗe.

"Ƙasar nan sun san darajar mutum," ya ce. "Ina shiga gidan namun dajinsu suka gane ni ba ƙaramin baƙo ba ne. Ɗaki na musamman, abin sha, mai fassara. Hotona a allo, jama'a na layi su gan ni. Wannan da kuke gani, mutum uku kawai aka ɗaura wa a ranar."

"Su wa da wa?" in ji tela.

"Ba za ka san su ba."

Mai kemis ya ce a ba shi ya ga ikon Allah. Ya kama hannun Masani, ya saita wayarsa a kan rubutun, wayar ta juya shi zuwa harshen gida. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, yadda har masu jiran aski za su ji.

"Na ɓata. Don Allah kada ka bar ni ni kaɗai. Ka kira wannan lamba, za a zo a ɗauke ni."

Mai aski ya kashe injinsa ya dafa bango. Masani ya fara cewa waya ba ta iya fassarar manyan kalmomi, amma mai kemis bai saki hannun ba, ya riga ya danna lambar ya buɗe murya.

"Maman Lauya, barka da yamma. Mun tsinci wani yaron kirki a bencin mai aski."

Aka ji ƙarar takardu daga ɗaya ɓangaren, sannan muryarta ta fito a natse.

"Ku ba shi ruwa, ku ce ya zauna inda yake. Ina shirya darasin yara, in na gama zan zo."